Ɗakin da na gina wa Dada

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ranar da muka auna ɗakin mahaifiyata ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina cikin masu bin gidajen Jalingo muna rarraba su rukuni-rukuni: na ƙasa mai jinka, na ƙasa mai kwano, na bulo mai silin da marar silin. Mu shiga gida, mu duba kaurin bango da inda taga ta fuskanta, mu rataye ma'aunin zafi, sannan mu rubuta wanne ke riƙe sanyi, wanne ke bukatar gyara. Tare nake yawo da wata 'yar ƙabilar Mumuye, mace mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba.

Da aiki ya iso unguwarmu Turaki, ni da kaina na ja ta gidanmu, kuma alfahari ne ya kai ni. Shekara guda ke nan da na gina wa Dada ɗakin bulo, kwano sabo fil, da ƙatuwar tagar gilashi mai kallon yamma. Silin kuwa na ce sai a hankali. Tsohon ɗakinta na ƙasa, ginin babanmu, kunyarsa nake ji in an yi baƙi, har na shirya da masu rusau su zo ranar Asabar.

Bazara ce, bayan azahar. Abokiyar aikina ta rataye ma'auni a ɗakunan biyu da tsakar gida, muka jira a gindin mangwaro. Da muka shiga ɗakin bulon, tun daga ƙofa zafi ya mare ni. Abokiyar aikina ta duba ma'aunin, ta fita ta duba na tsakar gida, ta dawo.

"Oga, wannan ɗaki ya fi waje zafi. Wane ne yana zama a nan?"

Na ce mamana ce.

"Maman da ka ce yana da hawan jini?"

Ba ta jira amsa ba, ta sa ɗakin a rukunin ƙarshe, wanda muke cewa a gyara da gaggawa. Sau biyu a shekarar nan na kai Dada asibiti da jiri, ina ta yi wa ƙannena faɗa a kan gishirin miya.

Muka shiga ɗakin ƙasan da nake ɗauka ya zama sito. Sanyi ya ratsa ni. Ga tabarmarta, ga carbinta, ga magungunanta kusa da randa. Ashe nan take wuni. Ƙanwata ce ta tona, ta ce da Dada ta ji ƙarar babur ɗina sai ta lallaɓa ta koma ɗakin bulo, don in same ta a ciki. In na daɗe ina hira, haka za ta zauna tana gumi har in tafi.

Na je na durƙusa a gaban Dada na ce, "Dada, me ya hana ki faɗa mini?"

Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kira, balle ta dubi idona. Ƙasa ta kalla ta ce, "Ɗa ya yi wa uwarsa ɗaki, jama'a sun zo sun sa albarka. Sai in ce tanderu ne?"

"To ranar Asabar fa, in an rushe wannan?"

"Sai in koma naka in zauna. Allah na nan."

Maganar nan ta girgiza ni fiye da ma'aunin. Saura kwana uku in rushe wurin da take fakewa daga kyautata, kuma da ba za ta ce uffan ba.

A ranar na dakatar da masu rusau. Na sa wa ɗakin bulo silin, na buɗe taga ta gabas, na yi rumfa ta yamma. Duk da haka Dada na ɗakinta na ƙasa har yau, ban kuma ƙara cewa komai ba.

Tun daga nan na gane shirun iyaye ba yarda ba ne. In ka yi musu abu, kada ka tsaya ga "Allah ya yi albarka". Shiga ka zauna inda ka zaunar da su, da rana tsaka, ka ji abin da kunya ta hana su faɗa.