Kilo Bakwai da Rigar Jika

Kilo Bakwai suke ce masa a dangi, kuma ba don ƙauna ba. Shekara goma sha tara ke nan yana gyaran injinan buga littattafai, kamfani na tura shi ƙasa-ƙasa a jirgi. A tafiyarsa ta biyu akwatinsa ya ɓace, ya yi kwana huɗu da riga ɗaya a gaban baƙi yana warin man inji. Tun daga ranar ya rantse, abin da bai shiga jakar hannu ba, to, ya zauna gida.

Jakar baƙa ce, ta ji jiki, matarsa ta canza mata zif sau biyu. Wando biyu, riga uku, duk a nannaɗe kamar tabarma. Sabulu sai ya yanka shi gida huɗu ya ɗauki ɗaya, buroshin haƙori ma ya datse masa mariƙi. Takalmin da ya fi nauyi a ƙafa yake tafiya, rigar sanyi a jiki, ko da zufa na karyo masa a layin fasinja. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai ƙusa, a ƙusar akwai sikelin rataye, kuma jaka ba ta barin gidan sai ta hau shi.

Su kuwa dangi, da sun ji mutum zai hau jirgi sai su mayar da shi motar kaya. Wannan ta zo da bargo, wancan da kwalbar man shafawa kamar tulu, wata gwaggo har tukunya ta taɓa kawowa a kai wa 'yarta. Amsarsa ɗaya ce, fuska a ɗaure: "Kilo bakwai aka yarda." Sun ce masa marowaci, sun ce ya hau jirgi ya manta tushensa. Ko a jikinsa. Shi ma haushinsu yake ji, mutanen da ba sa tuna gidansa sai an yanka masa tikiti.

Sau ɗaya ya taɓa karya dokar, don Yaya, babbar yayarsa da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ɗanta ɗaya tilo yana can garin da kamfani ya fi tura shi, sun ɓata da ita kan matar da ya aura, don Yaya ta faɗi maganar da ba ta gyaruwa. Ta ba shi agogon marigayi mijinta ya kai. Ɗan ko wurin zama bai ba shi ba, a bakin ƙofa ya mayar masa da agogon a tafin hannu. "Kawu, in don kanka ka zo, bismillah. Amma kada ka sake kawo min komai nata." Agogon yana durowar ofishinsa shekara uku. Duk sanda Yaya ta tambaya, sai ya ce, "Kullum yana hannunsa." Ƙaryar nan kaɗai ke riƙe da tsohuwar, ya kuwa san haka.

Ranar wata Laraba da safe, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi garin da ɗan yake, sai ga Yaya ta faɗo ɗakin ko sallamar kirki babu, da 'yar leda a hammata. Rigar sanyi ce ta ulu, ja, wata biyu tana saƙa wa jikar da ba ta taɓa gani ba.

"Auta, ga saƙo. Kuma wannan karon hoto nake so. Ka ɗauko min ita sanye da rigar."

Agogo ana ɓoye shi a durowa, hoto kuwa a ina zai samo? Ya sha mur.

"Yaya, kin san dokata."

"Na san ta sarai. Na kai wa mai shago ya auna, giram ɗari uku ce. Jakarka kuwa shida da rabi ce, matarka ta gaya min."

Matar tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ya watsa mata hararar da ta sa ta koma kicin ba shiri.

Yaya ba ta jira izini ba. Ta buɗe zif, ta cusa ledar tsakanin wandunan, ta cicciɓi jakar da hannu biyu tana nishi, ta rataya a sikelin. Allurar ta yi rawa ta tsaya, ba ta kai bakwai ba.

"To, sai kuma me? Karanta min, kai ne ɗan boko."

Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, na taurin kan nan da ya kore mata ɗa, ga shi yanzu ya matse shi a ɗakinsa. Ya ja akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin gado, ya zaro babbar sufana ta kwance noti, ya jefa cikin jakar a gaban idonta. Allurar ta zarce bakwai.

"Na manta da wannan. Aiki ba ya yiwuwa sai da ita."

Yaya ta dubi sikelin, ta dube shi. Ya zaci zagi, ya ma shirya masa. Sai kawai ta sa hannu ta zaro ledarta, ta shafe ƙurar da ba ta hau ba.

"Ni na goya ka, Auta. Ni na wanke maka kashi. Ƙarfe ya fi jikata nauyi a wurinka, ko? Allah ya kai ka lafiya. In ka dawo, kada ka tako gidana."

Ta fita. Matarsa ta bi ta har titi tana ba ta haƙuri, ya ji muryar Yaya tana cewa, "Ke sakar min mayafi." Ya sauke jakar, ya rufe zif da kyar.

A filin jirgi na'ura ta yi ƙara. Ma'aikacin bincike, wanda ya saba ganinsa duk wata, ya zaro sufanar yana jujjuya ta.

"Haba, maigida. Kai da kake tafiya kullum, ba ka san ba a shiga jirgi da wannan ba?"

"Na sani," ya ce. "Jefa ta a kwandon."