Ɗiyar Farin da Uwarta Ta Kasa Ambata

Ana sallame sallar asuba muka bar Matameye, ni da majo guda, wato ma'aikacin jinya, da ungozoma, da direbanmu. Aikin sa kai ne ya ɗauke mu zuwa wani sansanin ƴan gudun hijira a yankin Maraɗi. Ni ba likita ba ce, iyakata lise, wato sakandare. An dai koya mini auna damtsen yara da ɗan madaurin nan mai launi uku, in ya nuna ja in kira majo.

Daga Kance zuwa Takeita hanya lafiya lau, gero ya yi kai ko'ina. A Tasawa muka tsaya shan shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya ce a auna shi da madaurina, ƙila tamowa gare shi. Dariyata ta ƙarshe ke nan, don muna sauka daga kwalta, duk babur ɗin da ya taso bayanmu sai in ɗauka ƴan bindiga ne.

Sansanin rumfunan tamfol ne a fili, mata da yara sun fi yawa, mutanen da ƴan bindiga suka koro daga ƙetaren iyaka. Hausarmu guda, sai ɗan bambancin harshe. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo, layi ya miƙe.

Wata mata, ba za ta girme ni ba, ta miƙo jinjirinta. Na auna, kore. Na ce lafiyarsa lau. Ta koma ƙarshen layi, ta sake zuwa da shi. Na ce, "Baiwar Allah, ai na duba shi." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai waccan, tana kwance." Na ɗauka ɗiyar maƙwabta take nufi, na ce a gaya wa uwarta ta kawo ta.

Wata tsohuwa da ke bayanta ta dafa ni. "Ke ɗiyata, tashi ki bi ta. Ita ce uwar. Ɗiyarta ce ta fari, da wane baki za ta faɗa? Kakar ce ke riƙonta, kuma a can gida aka kashe kakar."

Mu ma a gida muna kunyar ɗan fari, amma kullum akwai kaka ko gwaggo da za ta yi magana a madadin uwa. Ita wannan ba ta da kowa.

Na tarar da yarinyar cikin tamfol, jiki kamar garwashi, idanu sun juye, haƙora a datse. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Majo ya zo da gudu, ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Ni na riƙe hannunta yana neman jijiya, har ya daka mini tsawa in riƙe da kyau. Uwar na bakin ƙofa ta ba mu baya, tana jijjiga jinjirin da ba kuka yake ba.

Da aka sa yarinyar a mota za a kai ta babban asibiti, ungozoma ta ce wa uwar, "Shigo ki riƙe mana ledar ƙarin ruwa, hannu muke buƙata." Da wannan hujjar ta shiga. Ta riƙe ledar da hannu guda, ɗayan kuma na gan shi cikin zane, riƙe da ƙafar ɗiyarta.

Mun dawo Matameye jiya da la'asar. Majo ya kira ni da safen nan, ya ce yarinyar ta farka har ta sha kunu. Ni kam har yanzu ban iya cin abincin kirki ba. Innata ta ce kada in sake zuwa. Zan koma, in Allah ya yarda, kuma duk matar da na auna wa yaro, ba za ta tashi ba sai na tambaye ta wa ta bari kwance a rumfa.