Baba Muntaka, Mai Tsayar Mana da Fim a Gardole

Da zarar an sallame azahar a masallacin layinmu na Gardole, Baba Muntaka ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Rumfarsa yake zarcewa. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya shimfiɗa tabarmi huɗu a gaba, ya jera bencina a baya, sannan ya yaye zanen da yake lulluɓe talabijin da shi, ya goge gilashin da hannun rigarsa ko da kuwa ga tsumma nan a rataye. In akwai wuta ya gode wa Allah. In babu, ya ja gurup ɗinsa, ɗan injin wutan nan mai tari kamar tsohon mashayin taba, ya kai shi bayan katanga don kada ƙararsa ta danne magana. Daga nan sai ya ɗora shayi ya zauna jiran la'asar. Fim ɗin da zai nuna kuwa ya riga ya kalle shi shi kaɗai tun da hantsi, domin bai taɓa sa wa mutane abin da bai san cikinsa ba.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ran Asabar ɗin da ta wuce ya rufe rumfar.

Wanda bai tashi a Njamena ba zai iya cewa, mene ne abin jinjina ga mai gidan kallo? Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa. A kasuwa Larabci muke yi, a makaranta Faransanci, Hausa kuwa sai an shigo gida an tuɓe takalmi. Da yawanmu mun taso da rabin harshe. A rumfar Baba Muntaka ne kaɗai Hausa take fitowa waje ta yi magana da ƙarfi. Yakan tsaya a gefen talabijin da rimot a hannu. In fim ɗin Hausa ne, ya juya wa maƙwabtanmu da Larabci don kada a bar su a baya. In na wata ƙasa ne, ya juya mana da Hausa. Wani lokaci ana tsakiyar kallo sai ya tsayar da hoton, ya waiwayo.

"Ya ce gobe za su fita sassabe. Wa ya san sassabe a nan?"

Sai ya fayyace mana ma'anarta. Ni kaina a wurin na fara jin sassabe, da rumbu, da gayya. Rubutun nan da kuke karantawa, rabin kalmominsa a kan tabarmar nan na tsince su.

Amma abin da ya fi jan manya shi ne musun bayan fim. Da an kashe talabijin sai shayi ya fara zagayawa, kowa ya faɗi abin da ya gani. Baba ba ya fara magana. Sai kowa ya gama, har da wanda ya yi barci a tsakiya, sannan ya kurɓi nasa ya ce abin da zai ce. Game da finafinan yanzu masu dogon zango, na ji shi ya ce, "Hoto ya yi kyau, murya ta fita tas, wannan ba musu. Amma mutum uku za su zauna a falo tun kashi na ɗaya har na arba'in, ba wanda ya tashi ya ɗebo ko ruwa. Yaushe suke zuwa aiki?"

Zakariya tela, abokin musunsa na shekara ashirin, ba ya bari ta wuce. "Kai dai tsufa ne ya kama ka, Muntaka. Na dā ɗin da kake yabo, ba a minti goma sai an fita lambu an yi rawa."

"Sahi," in ji Baba, yana nufin gaskiya ne. "Amma dai an fita."

Ba ya jin nauyin sauya ra'ayi. Laraba da hantsi ranar mata ce a rumfar, kuma yayata Murja ba ta fashi. Ita ce ta ce masa wata rana, aƙalla a finafinan yanzu mace takan buɗe baki a saurare ta har ta kai ƙarshen zancenta. Ya ce zai duba. Mako na zagayowa ya ce mata ya sake kallon guda uku, ta fi shi gaskiya. Ya kuma maimaita hakan a gaban maza da yamma, har da sunanta.

Daga bakin Yaya Murja na ji labarin Goggo Shatu, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Goggo Shatu mai ƙuli-ƙuli ce, ta girmi Baba Muntaka da kusan shekara goma sha biyar. Kakanta ya taso daga Kazaure da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a garin nan, ya ce bari ya yi aikin shekara guda. Ya yi aure, ya haihu, ya tsufa, aka binne shi a nan. Ita kuwa ba ta taɓa wuce Kusuri ba, nan tsallaken kogi. Abin da ta sani na ƙasar kakanta shi ne abin da ya gaya mata tana yarinya: duwatsu a bayan gari, ruwa a gindinsu.

Goggo ba ta damu da labarin fim ba. Bayan 'yan wasan take kallo. Da kyamara ta fita titi sai ta ɗaga hannu.

"Muntaka, tsayar min nan."

Ya tsayar. Ta matso ta dubi ƙofofin gidaje, da matar da ke wucewa da tallan fura, da yadda ta ɗaura goyo. In ta ƙoshi ta ce a ci gaba. Matan sun saba, ba mai tsaki.

Da finafinan yanzu suka yi yawa sai hannunta ya daina tashi. Wata Laraba ta ce masa, "Yaran nan sun rufe mu a ɗaki. Daga falo sai mota, daga mota sai falo. Kujerun nan ko a wace ƙasa haka suke. Ina garin?"

Ba da daɗewa ba ƙafafunta suka ƙi, ta daina zuwa.

A lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe wa Baba gani, likita ya ce ya rage kallo. Shi kuwa sai ya ƙara. Duk direban da ya iso daga Kano sai Baba ya tare shi a tasha, ya karɓi sababbin finafinai a memori. Da hantsi ya zauna, fuskarsa kusan manne da gilashi, yana tura hoto gaba, yana neman duwatsu. 'Yarsa Khairiyya ta zo daga unguwar Waliya ta same shi a haka, ruwa na zuba daga idonsa.

"Baba, idon nan fa su ke nan gare ka."

"Na sani. Ita ma Goggo kwanakin nan su ke nan gare ta."

Wata biyar yana nema. Ya same shi a cikin wani shiri mai dogon zango da shi kansa ya ce ba shi da kan gado. Wasu za su yi tafiya, sai aka ɗauko hoto daga sama: jerin duwatsu, ruwa shimfiɗe a gindinsu, gari a gefe. Bai kai minti guda ba. Bai yarda da idonsa ba, ya aika aka kira wani direba mutumin can mai suna Abbas. Abbas ya duba ya ce Kazaure ce, har ya nuna inda hanyar gidansu ta bi.

Ranar Baba ya ɗora talabijin da gurup a amalanke, ya tura da kansa har ƙofar ɗakin Goggo. Yaya Murja ce ta tayar da ita zaune, ta jingina ta da bango.

"Nan ne?" in ji Goggo.

"Nan ne, Goggo. Mutumin garin ya shaida. Gidan kakanki dai ban sani ba, ba zan ce miki ga shi ba."

"Mayar."

Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar. Yaya Murja ta ce ta daina ƙirgawa a na takwas. Can sai Goggo ta yi 'yar dariya ta ce, "Duwatsun ba su kai yadda kakana ya faɗa ba. Tsohon nan ya ƙara gishiri." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Amma ruwan yana nan."

Baba ya tambaye ta, kamar yadda yake tambayar kowa, yaya ta ga fim ɗin. Ta ce ita ba ta ma ji abin da suke cewa ba, amma wanda ya ɗauki hoton nan Allah ya yi masa albarka, ya tuna akwai gari. Sannan ta ce a bar mata shi a tsaye. Kwana uku talabijin ɗin yana ɗakinta, rumfa a rufe, Baba na zuwa safe da yamma yana tayar da inji. A daminar shekarar Allah ya yi mata rasuwa.

Baba Muntaka, kai ne ka kai Kazaure ɗakin tsohuwar da ba ta da ƙafar zuwa, kuma ba ka yi mata ƙarya ko da kalma guda don ka faranta mata ba. Kai ne tafintan unguwa, wanda ya zaunar da Bahaushe da Balarabe da Basare mutumin kudu a benci ɗaya suna dariya lokaci guda. Ba ka taɓa kiran kanka malami ba, amma mun fi ɗari da muka gyara harshenmu a gabanka.

A 'yan shekarun nan bencinan sun riƙa zama fayau. Kowa da wayarsa, kowa da abin toshe kunnensa. Ni ma ina cikin masu laifin. Na kalli shiri mai kashi sittin ni kaɗai a ɗaki, na gama, na waiwaya ban ga wanda zan ce wa komai ba. Baba bai taɓa yi mana gori ba. Ko mutum uku ne suka zo, yakan tsaya ya yi musu fassara kamar rumfar a cike take.

Ran Asabar kuwa ta cika har titi. Mun zaci tsohon fim zai sa mana don tuna baya, sai ya sa sabo fil, ya ce na dā mun riga mun gama musunsu. Ba ya ganin fuskokin 'yan wasan sosai, da murya yake gane su. Bayan an tashi, Zakariya tela ya riƙe kofin shayinsa har ya huce. Baba ya ce masa, "Yau ba ka da magana?" Zakariya ya ce, "Fim ɗin bai yi ba." Baba ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na zaci ba ka da lafiya."

Talabijin ɗin ya bar wa matan Laraba, Yaya Murja ce za ta riƙe rimot. Shi kuma ya koma Waliya wurin Khairiyya, kafin a yi masa aikin ido.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar maka da ganinka. Ku kuma da kuke karanta wannan, a gidan kowannenku akwai tsoho ko tsohuwa da ke zaune shiru kuna danna waya a gefensu. Ku juya musu gilashin, ku fassara musu, in sun ce a tsayar ku tsayar, in an gama ku tambaye su yadda suka gani.

Shekaranjiya na hau babur na tsallaka gada na je gaishe shi. Na same shi a gindin dogon yaro a ƙofar gida, ya juya kujerarsa tana fuskantar hanyar cikin gari. Da ya ji muryata, tun kafin in gama sallama ya ce, "Abdulbaƙi, me ake kallo yanzu?" Na ba shi labarin wani sabon shiri, na ce ni dai ban ga aibunsa ba ko kaɗan.

Ya jawo kujerar da ke kusa da shi, ya ƙwala wa Khairiyya kira ta ɗora shayi.

"Ba ka kalla da kyau ba," in ji shi. "Zauna ka faro min daga farko."