Janar Peng da Tulun Ubansa

A ofishin gundumarmu ni ke riƙe da rajistar kaburbura, saboda haka yawancin mutanen garin nan ta wajen matattunsu na san su. Haka na san Peng Tefu. A wannan tudu namu da ke kudu da birnin Hsinchu, a tsibirinmu, ba mai kiransa da sunansa, Janar ake ce masa. Aikin soja kam ya yi, na dolen nan da kowane saurayi ke yi, amma a ɗakin girki ya ƙare shi yana yankan kabeji. Sana'arsa noman ganyen shayi a gonar gado. Sai dai gonar ba ta ganinsa kamar yadda bencin ƙofar wurin bauta ke ganinsa, inda yake zama yana raba wa tsofaffi duniya: wa zai harbo, wa zai tare, jirgin yaƙin wa ya fi na wa.

Karatunsa ɗaya ne. In Amurka ta sayar mana da makamai, masu kuɗi za su ga tsibirin nan ya samu garkuwa, su ƙara gina masana'antun ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Filin kwari ya ƙare, to ina za su dosa? Tudunmu.

Ranar da aka ba da labarin wani sabon cinikin makamai masu linzami, sai ga shi gaban teburina.

"Akawu, takardar tono nake so. Zan ɗauke tsoho daga gona."

Mahaifinsa na kwance a saman gonar, baya ga dutse, fuska ga rafi, wurin da ya zaɓa da kansa tun yana da rai. Tonon ƙashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In shekaru sun ja, akan kira gwani ya tsince ƙasusuwan, ya goge, ya jera cikin tulu. Amma ba a farawa sai an tanadi inda tulun zai zauna. Na tambaye shi ko ya tanada.

"Kamfani ba ya sayen fili da kabari a ciki. Bari su biya, ka ga ginin da zan yi masa."

Na karanta masa sharaɗin kamar yadda nake karanta wa kowa: wanda aka ɗauke daga gona ba a mayar da shi gona. Ya ce in rage karatu in buga hatimi. Na buga.

Ranar tonon na je shaida, aikina ne. Yayarsa Siulan, mai sayar da taliya a kasuwa, ta hawo tudun tana haki.

"Tefu, wa ya ce maka masu kamfani za su zo nan? Takarda ka gani?"

"Yaya, ke taliya kika sani. Wannan magana ce ta manyan ƙasashe."

"Manyan ƙasashen sun san sunan Baba? Kai da ko wuƙar kabeji ba ta bar yatsanka lafiya ba."

Gwani ya jera ƙasusuwan, aka rufe tulu. Da yake ba a shiga da ƙashi cikin gida, a rumfar shanya ganye aka ajiye tsoho, tsakanin faifai da buhunan taki.

Damina ta wuce, ba mai awon fili ko ɗaya da ya hawo. Daga baya labari ya zo: masu sayar da makaman sun ce tunda su ke tsaron tsibirin, sabuwar masana'antar a gina ta a ƙasarsu. Kamfanin da Janar ke jira ya yarda, ya nufi can. Makaman ma ba su iso ba tukuna. A benci ya ce wa tsofaffi dabara ce, ana ɓad da sawu ne don abokan gaba. Wani ya tambaye shi ko tsoho ma yana cikin dabarar.

Ya dawo ofis ba ƙarar murya.

"Akawu, a mayar da shi wurinsa mana. Ramin na nan."

Na juya masa rajista ya ga sa hannunsa ƙarƙashin sharaɗin. Abin da ya rage shi ne hasumiyar ajiye tuluna ta gunduma. Kowa na son gurbi daidai ido, inda za ka tsaya ka gaida naka fuska da fuska. Waɗannan duk an kama. Saura layin ƙasa, kusa da ƙofa, inda ƙurar takalma ke taruwa. Nan na rubuta wa Peng tsoho, mutumin da ya zaɓi dutse da rafi.

Ranar gaida kakanni na bana ina hasumiyar ina duba lambobi. Na ga Janar ya zo da turare da kaza dafaffa. Ya sunkuya, bai kai ba. Ya durƙusa, bai ga hoton tsoho da ke jikin gurbin ba, sai da ya kwanta kusan rub da ciki, mutane na tsallake ƙafafunsa. Siulan na tsaye a kansa riƙe da tire.

"Ɗaga murya, Janar," in ji ta. "Yi wa Baba bayanin manyan ƙasashe. Yana jinka."