Malam Armiya'u da Allon Kwanar Katuru

Da an sallame asuba Malam Armiya'u yake buɗe rumfarsa a bayan tashar mota ta Kaura Namoda. Sai ya jera kayan aiki a kan buhu: murafun gwangwani manya da ƙanana, zare, alli, burushi huɗu. Da murfi yake fitar da da'ira, da zare yake miƙe layi. Shekara talatin da takwas ke nan. Sunayen shaguna da na keke napep daga Kaura har Zurmi, da yawansu hannunsa ne. Amma tambayi masu shagunan wa ya rubuta, sai su ce "wani mai fenti". Wani! Bana idonsa ya raunana, zai ajiye burushi, kuma ban ji wanda ya ce uffan ba.

Ni shaida ne a kan abu guda. Bara, da na dawo daga karatun zane a ƙasar waje, aka ba ni aikin allon wani ƙaramin asibiti mai ajiye maganin saran maciji, a wata kwana wajen Katuru. Damina ta kusa, kuma manomin da aka ɗauko a babur ba shi da lokacin wuce kwana ya dawo. Na zaɓi haruffan kwamfuta na yayi, irin na fina-finan 'yan sama jannati: sirara, da'ira da kusurwa zalla, kowane harafi an gutsure masa gefe. Na kai masa ya ɗora a allo.

Ya dubi takardar da na zana su a kai.

"Baturenmu, wanga rubutu ne ko ƙarfen taga?"

"Baba, shi ake yayi a duniya."

"To duniyar ta zo ta karanta."

Bai ƙara musu ba. Ya zana shi yadda na kawo a guntun kwano, ya kafa a bakin titi, ya kira Imrana, ɗan kabu-kabu mai babur da karatunsa ya tsaya a aji huɗu.

"Taho da gudun da kake yi in ka ɗauko mara lafiya. Kada ka rage. Ka gaya mini abin da ka gani."

Sau uku Imrana yana wucewa. Ya tsaya ya ce, "Malam, ni dai tayoyi na gani da sanduna. Shagon faci za a buɗe?"

Ashe haka yake gwada duk allon da za a kafa a hanya. Shekara biyar na yi a aji, ba wanda ya taɓa ɗora mu a babur.

Bai watsar da haruffan ba. Ya bar musu da'irarsu da kusurwarsu, ya kaurara su, ya toshe giɓin, ya buɗe tazara, ya yi su fari a kan kore. Wucewa ɗaya Imrana ya karanta. Zubaida, ma'aikaciyar asibitin, ta ce mini har damina ta ɗauke ba wanda ya iso yana cewa ya wuce kwanar.

Yau ku duba allunan da inji ke bugowa a garin nan. Kala bakwai, haruffa kamar an taka wa gizo-gizo gida, kuma ba mai fita titi ya gwada. Abin da ban haushi.

Kai ne, Baba Armiya'u, ka san ba don mai zane ake rubutu ba, don mai wucewa ake yi, wanda hankalinsa ya tashi. Gwanin murfi da zare, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara hasken ido.

Ku kuma masu kwamfuta, har da ni, rumfar tana buɗe zuwa ƙarshen wata. Ku je ku zauna ku koya, tun akwai wanda za a tambaya.