Sunan da Ya Gagari Lasifika

A asibitin da nake aiki, in ka tambayi ina Lasifika, ko mai gadi zai nuna maka ita. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara shida, kuma ba ta taɓa barin in manta da haka ba. Aikinta kiran suna. Ni ina ɗakin kati, ta wata 'yar taga nake miƙa mata katunan marasa lafiya, ita kuma ta tsaya bakin ƙofar likita tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Shekararta ashirin da huɗu a wannan tsayuwar. An taɓa sayo mata lasifika ta gaske, ta kwana biyu a hannunta aka mayar sito, domin in ta yi magana a ciki jarirai firgita suke yi.

Garinmu garin baƙi ne. Masu aikin gini, 'yan kasuwa, malaman makaranta, kowa da inda ya fito da irin sunan da uwarsa ta raɗa masa. Wani sunan ka gan shi a rubuce kamar an zubar da haruffa a ƙasa an tsince su a gaggauce. Farkon zuwan Yaya ba ta tsoron kowanne. Abin da idonta ya gani shi bakinta ke faɗa, harafi bayan harafi. In aka ce mata wannan harafin ba a furta shi, sai ta riƙe ƙugu ta ce, “To uban me ya kawo shi? Wanda ba zai yi aiki ba ya zauna gida.” Mutane su yi ta dariya a kan benci, mai sunan ya taso yana gyara mata, ita kuma ta ce masa ya shiga kawai, ciwo ba ya jiran gyara.

Wani dattijo ne ya sauya ta. Ya zo tun safe da kumburarriyar ƙafa, ta kira shi sau uku da abin da take zaton sunansa ne, bai motsa ba domin bai ji an kira shi ba. Sai da ake rufe tagogi aka gan shi zaune shi kaɗai, hularsa a gwiwa, yana jira. Ranar Yaya ba ta ci abinci ba. Washegari ta zo da fensir a soke cikin ɗankwali, kuma tun daga nan ta kafa wa kanta doka. Kafin ta fara kira, sai ta ware katunan da sunayensu suka yi mata wuya, ta bi benci benci tana nuna wa mutane, in ta sami mai katin ta sunkuya ta ce, “Bawan Allah, yaya ake kiranka a gida?” Ya faɗa, ta maimaita, ya sake faɗa, har sai ya gyaɗa kai. Sannan ta rubuta a ƙasan katin da fensir, da nata irin rubutun wanda ita kaɗai ke iya karantawa. A ɗakina akwai dubban katuna masu wannan rubutun. Na sha ganin ƙato ya taso yana murmushi kamar yaro don kawai an kira shi daidai.

Ɗanta ɗaya tal, muna kiransa Injiniya. Ya tafi karatu wata ƙasa mai nisa, ya dawo da takarda, ya kuma dawo da mata. Yarinya ce siririya mai kunya, in ta yi dariya sai ta rufe baki. Sunanta haruffa goma sha uku, a tsakiyarsa akwai wani wuri da sai ka naɗe harshe ka hura iska lokaci guda. Injiniya kansa, malalacin banza, guntule shi ya yi ya bar gaɓa biyu.

Ranar da suka iso, gida cike da dangi, Yaya ta yi abin da ta saba. Ta kamo hannun yarinyar ta tambaye ta yadda ake kiranta a gida. Yarinyar ta faɗa. Yaya ta gyara murya ta maimaita, abin da ya fito kuwa ya fi kama da atishawa. Falon ya kwashe da dariya, Injiniya har da buga cinya yana hawaye. Ni ma na dara, ba zan yi ƙarya ba. Wanzami ba ya son jarfa. Matar da ta shekara da shekaru tana sa benci dariya ba ta iya jurar a yi mata a cikin ɗakinta, gaban sabuwar suruka. Ta saki hannun yarinyar ta ce, “To, Amarya, sannu da zuwa.” Daga ranar sunan bai sake shiga bakinta ba.

Shekara biyu ana Amarya. In ta ƙure, “ke 'yar nan”. Ba ƙiyayya ba ce, ni shaida ce. Yaya na dafa mata abin da take so, ta yi mata ɗinki, ta yi faɗa da maƙwabciya a kanta. Amma kullum in aka ƙara kwana, tambayar sai ta ƙara nauyi. Wa zai tunkari surukarsa bayan shekara biyu ya ce mata sake gaya mini sunanki?

Amarya ta sami ciki. Wata ranar Asabar ta zo gidana, ta zauna bakin gado tana murza gefen gyalenta. Hausarta ta fara nuna, sai dai tana ɗingishi.

“Inna, ina so in tafi gida in haihu,” in ji ta.

“Haba 'yata, ga asibiti a hannunmu, ga mu?”

Sai ta kawo maganar Yaya, wadda take kira Mama, ta ce, “Mama ba ta so na. Na zo asibiti na gani. Tana kiran sunan kowa, har wanda ba ta sani ba, tana zuwa tana tambaya. Ni kaɗai ce ba ta kira.”

Na san in yarinyar nan ta tafi da wannan a ranta, da wuya ta dawo, kuma Yaya za ta ga jikanta ne a hoton waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, da Yaya, da Injiniya, da ni kaina da na taya dariya.

Ran Litinin na zaro katin Amarya na ajiye wa Yaya a taga. An ba ta ranar Alhamis don awon ciki, a ƙofar da Yaya ke tsayawa. Ta kalli katin kamar an miƙa mata garwashi.

“Zan yi musanya da mai ƙofa ta biyu,” in ji ta.

“Wallahi Yaya in kika yi musanya, sai na faɗa wa duk asibitin nan cewa akwai sunan da ya kayar da Lasifika.”

“Ke, ni sa'arki ce?”

“Ba sa'ata ba ce ke, shi ya sa nake jin kunya a madadinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinya na shirin tattara kayanta don tana zaton kin tsane ta.”

Ba ta san da wannan ba. Ta zauna a kan kujerar masinja, ta zare fensir daga ɗankwali tana juya shi. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, “Bakina ne ya ƙi. Na gwada a banɗaki ya fi sau ɗari. Ba na so in ɓata mata shi.”

Ta rantse ba za ta tambayi Amarya ba, Injiniya kuma ba shi da abin koyarwa. Saura mutum ɗaya, wadda ta raɗa sunan. Da yamma muka ritsa Injiniya a gidana, na sa ya kira uwar matarsa ta waya mai hoto. Ya yi mata bayani da guntun yaren da ya iya, ya roƙe ta kada ta faɗa wa 'yarta. Yana gamawa Yaya ta nuna masa ƙofa. “Fita, mai dariya. Ba na son ganin haƙoranka.”

Aka bar tsofaffi biyu suna kallon juna, ba wadda ke jin ko kalma ɗaya ta 'yar uwarta, ni ina riƙe da waya. Uwar Amarya ta faɗi sunan a hankali. Yaya ta maimaita. Matar ta girgiza kai, ta raba shi gida huɗu tana tafa hannu a kowane. Uku suka shiga lafiya, na tsakiyar nan ya tsaya. Sai matar ta matso da wayar bakinta har ba ma ganin komai sai harshe da haƙorin roba, tana nuna yadda ake naɗewa. Yaya ma ta matso da nata. Na yi ta cije leɓe don kada in yi dariya. Kusan rabin awa suna wannan, ɗaya na hura iska ɗaya na fesa mini yawu. Can sai matar ta ɗora hannu biyu a ka ta yi wata ƙara, ta shiga tafi. Yaya ta juyo ta kalle ni, gumi na bin wuyanta. “Ya fito?” Na ce ya fito.

Talata da Laraba ba wanda ya huta. Tana wanke-wanke tana faɗa, tana cikin bas tana motsa baki har kwandasta ya tambaye ta ko addu'a take yi.

Alhamis ɗakin jira ya cika maƙil. Amarya na benci na uku, jakarta a cinya, kanta a ƙasa. Na ga Yaya ta kai kan katin, ta mayar da shi ƙasa ta kira wani. Ta sake kaiwa kansa, ta sake mayarwa. Na buga gilashin taga da zobena. Ta harare ni, ta ja numfashi, ta buɗe wannan muryar da ake ji har wurin ajiye motoci, ta kira sunan tun daga farkonsa har ƙarshe.

Ba wanda ya tashi. Yaya ta juyo wurina, fuskarta ta yi fari, tana zaton ta sake ɓata shi. Amma ni ina hango benci na uku. Amarya ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Matar da ke kusa da ita ta taɓa ta tana tambayar ko naƙuda ce. Ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, tana dariya ba ta ko rufe baki ba.

“Mama, sake faɗa,” in ji ta. “Tun da na baro gida ban ji shi duka ba.”

Yaya ta taka har inda take, ta sake faɗa, wannan karon a hankali, ta kama ta ta miƙar. Ni dai kuka na yi, a gaban layin mutane masu jiran kati, ban damu ba.

Da Amarya ta fito daga wurin likita ta biyo ta tagata, Yaya na riƙe mata da jaka.

“Inna, ki ajiye katina kusa,” in ji ta. “A nan zan haihu.”

Yaya ta share ido da bakin mayafi, ta yi gyaran murya. “Madalla. In mace ce ku sa mata sunan uwarki, ko haruffa nawa ne. Ku dai ba ni wata biyu kafin ta zo.”