Noti Talatin na Mai Sikeli

Ƙanina ya shekara arba'in da ɗaya yana gyaran sikeli, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai ya ce Mai Sikeli. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai ɗinkin katifa. A ciki akwai teburi mai tabon baƙin mai, da kwalaben noti da kusoshi, da duwatsun awo jere bisa kanta, daga na giram hamsin har zuwa na kilo ashirin. Mahauta da masu sayar da hatsi su ne yawancin masu zuwa wurinsa, wani lokaci kuma a kawo masa sikelin awon jarirai daga asibiti.

Yana da ɗabi'a ɗaya da ba ya saɓawa. Idan ya gama gyara, allura ta tsaya daidai a kan sifiri, ba ya miƙa wa mai kaya. Sai ya ɗora kilo ɗaya, ya sauke, ya ɗora biyar, sannan ashirin. Mai gaggawa ya yi ta tsaki, shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake yi, "Sikeli ba ya yin ƙarya sai an ɗora masa kaya."

Autarsa ce ta kawo wani wasa gidan, a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Wasa ne na baki da tunani, ana yin sa a kan teburi. Mutum ɗaya ne ke ba da labarin wata duniya ta ƙage mai dodanni da tsofaffin birane, sauran kuwa kowa da gwarzonsa a cikin labarin. Kowane gwarzo yana da baiwa shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, lura da iya magana. Idan gwarzo zai yi wani abu mai wuya, sai mai shi ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, a haɗa abin da ya fito da makinsa na baiwar da aikin ke bukata. In jimlar ta kai adadin da mai labari ya yanke, an yi nasara.

Da auta ta sami aiki a wani gari mai nisa ta tafi, gidan ya yi shiru. Uwargidan ƙanina, mace mai barkwanci a da, ta koma zama a bakin taga da ɗinkinta, ko rediyo ba ta kunnawa. Shi ba gwanin rarrashi ba ne. Abin da ya iya shi ne ya ɗauko ɗan lidon da yarinyar ta bari, ya sake tsara ƙa'idojin wasan a littafinsa, ya gayyace mu kowace Asabar da la'asar. Mu uku ne 'yan wasa: ni yayarsa, da uwargidan, da ƙaninta wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas, muna ce masa Direba.

Don kada a zalunci kowa, ya ba kowannenmu noti talatin daga shago da ƙananan gwangwanaye shida, ya ce kowa ya raba yadda ya ga dama. Direba ya antaya goma sha huɗu a gwangwanin ƙarfi, ya ce gwarzonsa ƙato ne mai gatari. Ni na zuba biyar-biyar. Uwargida ta daɗe tana juya notin a tafin hannu, sannan ta sa goma a lura, goma sha ɗaya a iya magana, sauran taran ta watsa a gwangwanaye huɗu. Ta ce tata matafiyiya ce mai ɗauke da fitila. Ran nan ta yi dariya har sau biyu, na kuwa ga ƙanina ya lura.

Asabar biyar muka yi. An fasa ƙofofi, an ture duwatsu, an kori dodanni daga kogo. Direba yana jifa yana yi wa kansa kirari.

"Yallaɓai, kawo wani dodon! Wannan ko gumi bai sa ni ba."

"Da haka ka riƙa tura bas in ta mace, da fasinjoji sun huta," in ji Mai Sikeli.

Uwargida kuwa takan jefa ɗan lido sau ɗaya ko biyu a yini, galibi a kan abin da ba ta da maki a kai. A Asabar ta huɗu ta zo da ɗinkinta teburin. A ta biyar, bayan an tashi, ta juye notinta a gwangwani ɗaya ta tura gaban mijinta.

"Maigida, ku ci gaba abinku. Ni zan riƙa kawo muku ruwa."

Na san abin da ke ran ƙanina. Dominta aka kafa teburin nan, in ta koma bakin taga an yi ba a yi ba ke nan.

Washegari ya ƙirga notin kowa, talatin-talatin. Bai gamsu ba, har sai da ya auna su a ƙaramin sikeli, nauyinsu ya zo ɗaya. Sai ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba: ya ɗebo noti biyar ya kai mata, ya ce ta ƙara a ƙarfi, ba sai kowa ya sani ba.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ne yau kake danna sikeli da yatsa? Sadaka na roƙa? Mayar da kayanka."

Ran Talata ya zo gidana da hantsi, abin da ba ya yi ranar aiki. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa.

"Yaya Malama, na duba ta ko'ina. Rabon daidai yake. To ina cutar take?"

Tun ranar farko nake rubuta abin da ya faru a kowane zama, don kada labarin ya ɓace mana. Na ɗauko littafin na ce mu bi shi daga farko. Ya nemi takarda ya ja layi shida. Ina karantawa, duk inda aka nemi wani ya yi jifa sai ya sa ɗigo a layin baiwar da aka nema. Mun fi awa ɗaya a kai. Da muka gama, ƙarfi yana da ɗigo arba'in da bakwai, zafin nama goma sha tara, juriya goma sha biyu, ilimi takwas. Lura huɗu. Iya magana biyu.

Ya daɗe yana kallon takardar.

"Babu kaya na gwada shi," in ji shi a hankali. "Na ga allura a sifiri na miƙa. Rabon ba shi da laifi, ni mai labarin ne na karkace. Duk ƙofar da na sa a gabanku, ta fasawa ce."

Sauran kwanakin makon ya yi su yana rubutu a shago tsakanin aiki da aiki. Mai walda ya ce mini ya ji shi yana magana shi kaɗai da murya iri-iri.

Ranar Asabar uwargida ta kawo ruwa, ta koma kujerar gefe da ɗinkinta. Mai Sikeli bai roƙe ta ba. Ya dai ajiye gwangwanayenta a wurinta, da notin a rabe yadda ta raba su tun farko. Labarin ya kai mu bakin wani kogi mai gada ɗaya. A kan gadar akwai ƙofar ƙarfe, a gefenta wani tsoho mai gadi yana zaune, ya juya mana baya. Direba ya ɗaga gatari, ya jefa, ya sami goma sha takwas.

"Ka sare ta da kyau," in ji Mai Sikeli. "Sai dai ƙofar nan, duk sara ɗaya kauri take ƙarawa."

Ya sake sara, ta sake kauri. Ni na gwada ilimina a kan rubutun da ke jikinta, ban kai ba. Direba ya juya wajen yayarsa.

"Yaya, don girman Allah ki zo. Mijinki ya ƙulla mini sharri."

Ba ta ɗago ba. Can sai ta ce, "Shi tsohon, me yake kallo?"

"Sai mai fitila ta matsa kusa za ta gani," in ji mijinta.

Ta soke allura a jikin yadin, ta jawo kujera, ta jefa. Lurarta ta kai. Mijinta ya gaya mata cewa tsohon, hanyar da ke hayin kogin yake kallo, kuma akwai kofi biyu a gabansa, ɗaya a kife. Sai ta fara yi wa tsohon magana, ta tambaye shi wa ya haye bai dawo ba. Ƙanina ya amsa da muryar tsofaffi, ya ce 'yarsa ce. Suka yi ta hira, ita da tsohon, kusan minti goma, Direba ya riƙe haɓa yana saurare. Daga ƙarshe ta roƙe shi ya buɗe, ta yi alkawarin kai saƙonsa.

"Goma sha biyar ake nema," in ji Mai Sikeli. "Jefa."

Uku ya fito. Uku da goma sha ɗaya, goma sha huɗu.

Duk muka dube shi. Ya girgiza kai.

"Bai kai ba. Tsohon ya ce ya sha jin irin wannan alkawari."

Sai uwargida ta fashe da dariya, har da dukan teburi. "Maki ɗaya tak! Kai dai ba za ka canza ba. To tsaya, ban gama da tsohon nan ba. Direba, ajiye gatarin nan, kai za ka zauna gadin a madadinsa, shi kuma ya bi mu."

"Ni? Gadi? Da ƙarfina goma sha huɗu?"

"Da shi fa. Ai ka ga ya yi rana."

Sai a Asabar ta gaba muka haye gadar. Tun daga lokacin ƙanina ya ƙara gwangwanaye shida a teburin, nasa na kansa, babu komai a ciki. Duk baiwar da ya nemi a yi jifa a kanta sai ya saka noti ɗaya a gwangwaninta, in an kai rabin zama ya leƙa ya ga wanne ne ya yi nauyi. Ɗinkin uwargida kuwa ya koma bakin taga, yana jiran ranakun da ba Asabar ba.